Magani ya kama furotin ko bai kama ba? Maganar NMR ɗin da ake ƙara wa murya

Duk wanda ya ɗan kwana biyu a duniya ya san zamanin Fansidar, ƙwaya uku ka haɗiye lokaci guda shikenan ka sallami zazzaɓi. Daga baya aka wayi gari mutum zai sha amma zazzaɓin na nan daram, har dai aka sauke shi daga maganin farko na maleriya aka koma su Coartem, yanzu galibi sai rigakafi ake ba masu ciki da ƙananan yara. Kuma ba kamfani bane ya rage ƙarfin ƙwayar fa. Cikin Fansidar akwai wani sinadari firimetamin, aikinsa ya kutsa wani ɗan lungu a jikin wani furotin na ƙwayar cutar da ake kira DHFR ya toshe shi, in ya toshe to ƙwayar cutar bata iya haɗa DNA balle ta hayayyafa. Sai ita kuma ƙwayar cutar ta canza amino asid guda ɗaya, wato ɗaya daga tubalan da aka gina furotin ɗin da su, a gurbi na 108, daga baya ta ƙara da na 51 da na 59, lungun ya ɗan sauya siffa, maganin ya zo ya tarar wurin baya riƙe shi kamar da.

Mafi yawan magungunan dake kemis haka suke aiki, ƙaramin sinadari ne ke zuwa ya liƙe a jikin ƙaton furotin ya hana shi aiki ko ya zuga shi. Masu binciken suna ce wa ƙaramin ligan. Abun da suke son sani kullum shine ya kama kuwa, in ya kama da wane ƙarfi, kuma a wane gefe. Ƙarfin kamun da wata lamba ake faɗinsa, Kd, wato yawan ligan ɗin da sai ya kai a cikin ruwa kafin rabin furotin ɗin ya zama yana riƙe da shi. In sai ya kai milimola to kamun raggo ne, maikuromola da dama-dama, nanomola kuwa an iso inda magani na gaske yake zama, kuma tsakanin kowane mataki da na gabansa ninki 1,000 ne.

Abun da yasa nake ganin maganar ta shafe mu a nan Zariya, ga Samaru cike da 'yan famasi da kemistiri da bayokemistiri, ga cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Basawa, shekara da shekaru ana tatso sinadarai daga marke da sabara da maɗaci da sauran itatuwanmu. Yanzu kuma abun da ake yayi a ko'ina a duniya shine dokkin, a sauko da siffar furotin daga intanet a sa manhaja ta gwada cusa sinadarin cikin lungun, ta fito da maki, a rubuta cewa ya kama sosai. Ni dai a wurina dokkin hasashe ne, yana da amfani wajen rage jerin abun da za a gwada amma hasashe ne, don furotin na gaske a cikin ruwa motsi yake yana buɗewa yana rufewa, ruwa ma yana zaune a lungun, ita kuwa manhajar yawanci a sandare take ɗaukarsa. Sai an haɗa su biyun a kwalba an auna tukuna za a ce ya kama.

Cikin hanyoyin aunawa NMR, wato Nuclear Magnetic Resonance, na da wata daraja ta daban, ba sai an liƙa wa ligan fenti ba, ba sai an ɗaure furotin a jikin wani abu ko an mayar da shi kiristal ba, a cikin ruwansu ake kallonsu, kuma yana ganin kamun raggon nan da wasu hanyoyin ke tsallakewa. Kuma kar wani ya ji nukiliya a cikin sunan ya tuno riyakton nukiliya na cibiyar CERT ta ABU, babu haɗi, dangin MRI ne na asibiti. Cibiyar wasu atam irin haidurojin da kabon-13 da fulorin-19 tana da wata ɗabi'a da ake kira sifin, wadda ta mayar da ita ɗan mitsitsin maganaɗisu. In aka saka samfur cikin babban maganaɗisu wasu su bi shi wasu su juya masa baya, sai a buga musu igiyar rediyo a saurari amsar da zasu bayar. Felix Bloch da Edward Purcell ne suka nuna haka a 1946 a Amurka suka samu Nobel a 1952, Kurt Wüthrich na Suwizalan kuma ya samu tasa a 2002 saboda fitar da siffar furotin a cikin ruwa da wannan hanyar.

Ciwon NMR tun ranar farko shine muryar tayi ƙasa. Masu bi da masu juya baya soke juna suke, rarar da ta saura kaɗai ake ji. A injin 400 MHz, wanda maganaɗisunsa tesla 9.4 ne wato wajen ninki 200,000 na maganaɗisun duniya, a zafin ɗaki, cikin haidurojin miliyan ɗaya rarar bata wuce 32 ba. Duk sauran kuɗinka ka saya amma basu ce komai ba. Na kabon-13 ya fi muni, rararsa kwatan wancan ce, kuma dama kashi 1.1 cikin 100 na kabon ne kawai kabon-13. Dabarar da aka saba itace maimaici, a buga a tara a buga a tara, sai dai lissafin ba adalci, in kana son tsabtar sigina ta ninka sau 10 sai ka maimaita sau 100. In sau 10,000 kake so sai bugu miliyan 100, ko da kowane bugu daƙiƙa ɗaya ne shekara 3 da ɗoriya kenan injin na kunne, kuma ba a ɗauke wuta ba ko sau ɗaya.

To ta yaya ake gane kamun? Ƙaramin ligan a ruwa wulwulawa yake da gudu, ƙasa da kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa ya juya, shiyasa siginarsa siririya ce kuma tana daɗewa kafin ta mutu. Furotin ya ninka shi nauyi sau ɗari ko fiye, a hankali yake juyawa, siginarsa faffaɗa ce mai saurin mutuwa. Duk lokacin da ligan ya liƙe to a wannan ɗan lokacin halin furotin ya ɗauka. In kamun ba mai tsanani bane yana kamawa yana saki sau ɗaruruwa ko dubbai a daƙiƙa ɗaya, wannan ya sauka wancan ya hau, duk ligan ɗin dake kwalbar sai ya ɗanɗana, sai ka ga siginarsu gaba ɗaya ta faɗaɗa tana mutuwa da wuri fiye da yanda take in babu furotin. Wannan saurin mutuwar ake aunawa, R2 ake ce masa, da wani jerin bugu mai suna CPMG, daga bambancin kuma a lissafo Kd.

Ba sabon abu bane a masana'antar magani. A 1996 Stephen Fesik da mutanensa a kamfanin Abbott suka fito da tsarin neman ƙananan gutsattsarin sinadarai da NMR, kowanne kamun raggo yake, a samo biyu da suka kama lunguna maƙwabta a ɗinke su su zama guda mai ƙarfi, kuma wannan layin ne ya kai ga venetoclax, maganin wani nau'in kansar jini da aka amince da shi a Amurka a 2016. Nasu tsarin furotin ake kallo. Daga baya aka samu masu kallon ligan, wata hanya mai suna STD daga Hambog ta Jamus a 1999 da WaterLOGSY na Claudio Dalvit a 2000.

Anan gizo ke saƙar. Saboda muryar tayi ƙasa dole a zuba ligan da yawa, ɗaruruwan maikuromola, kuma sinadarai da yawa basa narkewa a ruwa har haka, wasu dunƙulewa suke su zama gudaji su kuma su riƙa juyawa a hankali, sai ka ɗauka sun kama furotin alhali junansu suka kama. Furotin ɗin kansa ba a kasuwa ake aunowa ba, makonni ake yi ana renon bakteriya ko ƙwayoyin halittar ƙwari a tace a tace kafin a samu miligiram ƙalilan. Sannan akwai wani abun da ba kowa ke lura da shi ba, in ligan ya yi wa furotin yawa sosai duk lungunan sun cike, kason ligan ɗin dake liƙe a kowane lokaci ya zama ɗan kaɗan, alamar da kake nema ta narke cikin siginar waɗanda ke yawo. Kenan yawan da ka zuba don ka ji murya shi ke ɓoye maka amsar.

Mafitar itace a ƙara wa muryar ƙarfi da haifafolarizeshan, wato a tilasta wa sifin ɗin su jeru gefe guda fiye da yanda zafi da maganaɗisu zasu bari, maimakon rarar 32 cikin miliyan a samu kashi 20 ko 30 cikin 100. Jerin aro ake yi daga wani abu da shi dama a jere yake. Albert Overhauser ne ya ce a 1953 za a iya aro daga ilektoron, manyan masana na lokacin suka ƙi yarda, a shekarar kuma Carver da Slichter suka gwada a ƙarfen litiyom abun ya tabbata. Ilektoron ya fi cibiyar haidurojin ƙarfin maganaɗisu wajen ninki 658, shiyasa in aka sanyaya shi sosai kusan duka yake jeruwa. Wannan aron jeri daga ilektoron shi ake kira DNP. Abun da ya hana shi amfani ga masu furotin shekaru da yawa shine a daskare ake yi, su kuma a ruwa suke so.

A 2003 Jan Henrik Ardenkjær-Larsen da Klaes Golman da abokan aikinsu a Malmo ta Suwidin suka warware wannan. A gauraya sinadarin da wani radikal mai ilektoron mara abokin zama, a daskarar da shi a wajen kelbin 1.2, kusan digiri 272 ƙasa da sifili kenan, cikin maganaɗisu tesla 3.35, a haska masa maikurowef na 94 GHz. A wannan yanayin sama da kashi 90 na ilektoron a jere suke, a hankali jerin ke tsiyaya zuwa cibiyoyin atam, minti goma-goma wani lokacin awa ko fiye. Sai kwatsam a watso masa ruwan da ya wuce tafasa ƙarƙashin matsi, ya narke nan take, a hura shi ta siririn bututu zuwa injin NMR. Sun samu jerin kashi 37 a kabon-13, sigina ta ninka sama da sau 10,000, wato abun nan na shekara 3 a bugu ɗaya. Wannan hanyar ce aka bi a San Faransisko aka yi wa masu kansar furostet ta maza allurar wani sinadari firubet mai jeri aka kalli yanda ƙarin ke cinye shi, aka wallafa a 2013.

Sai dai jerin nan kamar ƙanƙarar da ka sayo a Sabon Gari ne da azumin bazara, tun daga hannun mai sayarwa take zuba, in ka tsaya gaisawa a hanya ruwa zaka kai gida. Lokacin narkewarsa T1 ake ce masa. A haidurojin da fulorin na ƙaramin ligan daƙiƙu ne ƙalilan, a wasu kabon-13 da basu da haidurojin a jikinsu yakan kai kusan minti ɗaya. Shiyasa rabin ƙwarewar fannin nan a aikin famfo take wallahi, bawul da bututu da matsin iska, yanda za a kai ruwan cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu ya gaurayu da furotin ɗin dake jira a cikin injin, ya tsaya cak ba kumfa ba girgiza kafin a fara aunawa. Kuma kowane bugun rediyo cin jerin yake, abun da ya tafi baya dawowa sai an koma an sake daskarewa daga farko.

Wanda ya fi dagewa wajen juya wannan zuwa aunin kamu shine Christian Hilty na jami'ar Texas A&M. A 2012 shi da mutanensa tare da masu bincike na kamfanin magani Novartis suka yi wa wani ligan mai fulorin jeri suka harba shi kan tirifsin, furotin ɗin nan na narkar da abinci, suka ga kamun a bugu ɗaya. Zaɓin fulorin ɗin dabara ce, furotin bashi da fulorin, ruwa bashi da shi, duk siginar da ta fito ta ligan ce ba hayaniyar kowa, kuma siginarsa na saurin canzawa in juyi ya ragu. Magunguna da yawa dama da fulorin a jikinsu, sifro da kowa ya sani, fulukonazol, dolutegirabir na masu HIV. Tunda murya ta samu sai a sauke ligan zuwa maikuromola ƙalilan, furotin ma a rage shi ƙwarai, matsalar narkewa da dunƙulewa ta ragu, kason dake liƙe ya ƙaru tunda ba a cika lungunan ba. Riba biyu kenan, kuma ta biyun ce ni ta fi burge ni don ba a cika faɗinta ba.

Mai kamu da ƙarfi sosai kuma fa, irin na nanomola? Shi in ya hau baya sauka da wuri, babu wannan musayar, sai ya zama kamar bai kama ba. Maganin wannan shine gasa. A nemi ligan guda mai matsakaicin kamu wanda aka san Kd ɗinsa, ɗan rahoto kenan, shi kaɗai za a riƙa yi wa jeri. In aka zuba sabon sinadari ya ƙwace lungun, ɗan rahoton ya rasa wurin zama, siginarsa ta koma siririya mai daɗewa, daga yawan komawar a lissafo ƙarfin sabon. Da wannan ba sai kowane sinadari ya dace da DNP ba, kuma ka samu tabbacin lungu ɗaya suke nema.

Akwai kuma hanyar gano inda ya kama. Jerin dake jikin ligan yana tsallakawa zuwa haidurojin ɗin furotin dake dab da shi, tazarar da bata wuce rabin nanomita ba, sai wuraren da suka taɓa juna kaɗai su haskaka, daga nan a gane wane ɓangaren ligan ne ya nutse cikin lungun. Wasu ruwan kansa suke yi wa jeri su bar shi ya raba wa furotin da ligan. Mutanen Geoffrey Bodenhausen a Lozan kuma suka ɗauki abun da Malcolm Levitt ya gano a 2004, cewa sifin biyu maƙwabta zasu iya shiga wani yanayi mai daɗewa fiye da T1, suka mayar da shi ma'auni, don da zarar ligan ya taɓa furotin wannan yanayin rushewa yake.

Kar a ɗauka an gama komai. Jiran awa guda don bugu ɗaya ba tsarin tace sinadarai dubu bane, shiyasa har gobe kamfanoni da tsoffin hanyoyin suke yawancin aikinsu. Yawan jerin yana bambanta daga harbi zuwa harbi, dole a dogara da saurin mutuwar sigina ba tsayinta ba. Radikal ɗin da ya taimaka a sanyi in ya biyo ruwan shi ke ƙara saurin narkar da jerin. Kuma kamu ba warkarwa bane, mu da sikila ta dame mu ya kamata mu riƙe wannan, maganin sikila voxelotor yana kama haimogulobin yanda ake so, aka amince da shi a 2019, amma a Satumban 2024 Pfizer ta janye shi daga kasuwannin duniya saboda bayanan da suka nuna haɗarinsa ya rinjayi amfaninsa.

In aka zo kan mu, DNP irin na Malmo gaskiya ba namu bane a yanzu. Maganaɗisu biyu yake so kowanne yana zaune cikin ruwan hiliyom mai tafasa a kelbin 4.2, shi kuma hiliyom daga ƙasashe ƙalilan yake fitowa, Amurka da Katar da Aljeriya da Rasha, ko a Turai in ya yi ƙaranci dakunan bincike kuka suke. Abun da nake ganin ya kamata ɗalibanmu su sa wa ido shine hanyoyin da basa neman hiliyom.

Ta farko fara-haidurojin ce. Iskar haidurojin iri biyu ce dangane da yanda sifin ɗin atam biyun suka zauna, ɗayan shi ake kira fara (para a Turance), a zafin ɗaki kashi 25 ne fara, in aka bi da ita ta kan gawayi ko tsatsar ƙarfe a cikin ruwan naitirojin mai kelbin 77 ta zama kashi 50, a kelbin 20 kusan duka. Ruwan naitirojin kuwa ba baƙo bane a nan, shi masu yi wa shanu barbarar allura ke ajiye irin bijimai a ciki, mutanen cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika sun san shi. Bowers da Weitekamp ne suka fara cin moriyar fara-haidurojin a 1987, sai a 2009 Simon Duckett na jami'ar Yok a Ingila ya fito da SABRE, inda wani sinadarin iridiyom ke riƙo haidurojin da ligan lokaci guda, jerin ya tsallaka ya sake su, ligan ɗin bai canza ba. Daƙiƙu kawai yake ɗauka kuma ana iya maimaitawa a kwalba ɗaya. Aibinsa yana da zaɓe, ya fi son sinadarai masu zoben naitirojin irin firidin da nikotinamaid da magungunan tarin fuka isoniyazid da firazinamaid, kuma ya fi aiki a metanol wanda furotin baya jurewa, sai an tsarma da ruwa sosai kafin a haɗa su. Duk da haka su Hilty sun auna kamun tirifsin da shi.

Ta biyun haske ce, foto-CIDNP. A zuba ɗan fenti irin fulabin ko fuloresin a cikin samfur a haska masa leza ko fitilar LED, fentin ya yi 'yar musayar ilektoron da ligan na ɗan lokaci ya bar masa jeri. Ƙarin bai kai na DNP ba, ninki goma-goma ne zuwa ɗari, kuma sai sinadarai masu irin zoben tiriftofan ko tairosin ke amsawa, amma a zafin ɗaki ake yi cikin ruwan da furotin ke so, in ligan ya shige lungu siginar ta ragu. Robert Kaptein ya fara amfani da shi kan furotin a 1978, a 'yan shekarun nan kuma masu bincike a jami'ar ETH ta Zurik sun mayar da shi hanyar tace gutsattsari cikin daƙiƙu, har a kan ƙananan injinan NMR na kan tebur masu maganaɗisu na dindindin, irin masu 60 ko 80 MHz da basa shan hiliyom ko kaɗan.

Ko da an samu injin teburin da fitilar, abun da zai rage shine tataccen furotin, shi ma aiki ne mai zaman kansa kuma a nan nake ganin 'yan bayokemistiri da 'yan kemistiri dole su zauna benci ɗaya. Wanda zai fara ba sai ya fara da DHFR na maleriya ba, tirifsin ana sayar da shi a gari-gari daga kamfanonin kayan lab, benzamidin, wani ligan dake kama shi, shi ma haka, kamunsu sananne ne wajen maikuromola 20, in ma'auninka ya fito da lamba kusa da wannan to sai ka ɗauko sinadarin marken naka.